Buhu Guda na Sassaƙe

Mun tashi daga Kano ana idar da sallar asuba, ni da abokin aikina, a 'yar tsohuwar motarsa wadda sai an lallashe ta take tashi. A kujerar baya akwai katako biyu masu igiya da ake matse ganye a tsakaninsu, da almakashin yankan reshe, da jarkar ruwa. Niyyarmu Dutsin-Ma, daga nan Kurfi, daga Kurfi mu shiga daji ta wajen Barkiya, mu je gindin wata bishiya guda ɗaya. Masu tambayar ina na shige kwana biyu, ga inda na shige.

Aikina binciken maganin da ke cikin tsirrai ne, musamman masu kwantar da kumburi. Ina ɗan shekara tara gwiwata ta taɓa kumbura har na kasa taka ƙasa. Goggo, ƙanwar mahaifina, ta tafi gindin wata bishiya da ke bakin tsohon burtalin shanu ta sassaƙo ɓawonta, ta daka, ta kwaɓa, ta ɗaure mini. Kafin mako ya zagayo ina bin maruƙa da gudu. A gidanmu "iccen Baffa" ake ce wa bishiyar, don a inuwarta kakanmu yake hutawa da shanunsa, kuma ban taɓa jin wani ya kira ta da wani suna ba. Bara da kaka na sa aka aiko mini da sassaƙenta buhu guda. Muka shanya a inuwa, muka niƙa, muka jiƙa a sinadari, muka tace, muka ƙafar da ruwan har ya koma wani baƙin abu mai danƙo kamar maɗi. Muka gwada a kan fararen ɓerayen ɗakin bincike da aka kumbura musu tafin ƙafa. Kumburin ya sauka yadda ya faranta mana rai. Ranar, ban ɓoye muku ba, har sannu na yi wa ɓerayen.

Sai dai a sana'armu ba a karɓar "iccen Baffa" a matsayin suna. Dole a san ainihin bishiyar, a ajiye samfurinta a inda kowane mai bincike zai iya zuwa ya duba. Abokin tafiyar nan tawa masanin tsirrai ne, ya juya ɓawon ya shinshina, ya ce shi ba boka ba ne, a kawo masa ganye da fure. In babu su, aikin shekara guda ya zama tatsuniya, maganin Goggo kuma ya tsaya a kanta ita kaɗai. Na tuna tana cewa iccen yana fure ne da ruwan farko. Makon jiya aka yi ruwan farko a can, shi ya sa muka kama hanya.

Daga Bichi zuwa Tsanyawa ƙasa ta sha ruwa, ƙamshinta yana shigowa ta taga. Ko'ina manoma ne a jere, na gaba yana sara da sungumi, na baya suna zuba iri suna takewa da diddige. A Kankiya muka tsaya wajen mai shayi. Burodin da na sani da ƙiba ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya, kuɗinsa ne ya yi ƙibar. Muka sha ba mu yi ƙorafi ba, don mai shayin ya riga mu kuka da tsadar sukari.

Da hantsi duwatsun Dutsin-Ma suka bayyana. Rabona da garin tun rasuwar mahaifina, kuma ganin duwatsun nan kawai sai da ya tuna mini da shi. Ranar kasuwa a bayan kekensa yake kawo ni, ya zaunar da ni a rumfar wani mai hatsi da guntun rake, ya tafi kara wajen dabbobi. Na nemi rumfar da ido ban gane wurin ba. Garin ya cika ya batse: ɗalibai da jakunkuna a baya, masu babura, masu keke mai ƙafa uku suna ƙwacen fasinja, shagunan buga takardu a kowace kwana. A nan abokina ya tuna ya baro tsofaffin jaridun da ake shimfiɗa ganye a ciki a gida. Muka zagaya gari neman jarida kamar masu neman ɓatacciyar akuya. Yanzu kowa a waya yake karanta labari, ɗan abin da ya rage kuma masu tsire da masu ƙosai sun rigaya sun kwashe. Daga ƙarshe wani mai soya kifi ya tausaya mana ya raba tasa biyu, da sharaɗin mu ɗanɗana kifinsa. Ba mu yi masa musu ba.

Kurfi ba nisa. Goggo yanzu a can take, a wani ɗaki a gidan babban ɗanta, tun shekara uku da rashin tsaro ya taso su daga ruga. Na same ta a tabarma ta miƙe ƙafafu, gwiwoyin nan biyu sun kumbura an naɗe su da tsumma. Da yake sunan mahaifinta aka sa mini, ba ta kiran sunana.

"Babana, ashe kana tunawa da mu?"

Na durƙusa na gaishe ta, ta kama kaina da hannu biyu ta daɗe ba ta saki ba. Aka kawo fura, ta ce in sha da haƙuri, nonon na saye ne. "Bahillata da sayen nono, ai ka san duniya ta juya." Ta yi dariya, ni na kasa. Na nuna gwiwoyinta na ce, "Goggo, ke da kike warkar da na mutane?" Ta dubi ɗanta da ke tsaye a bakin ƙofa, ta mayar da ido ƙasa.

"Ku tahi dai ku dawo, rana na yi."

Ɗan nata taubashina ne, mai sayar da hatsi a kasuwa, kuma shi ya aiko mini da buhun bara. Tsakaninmu ba a gaisuwa sai da tsiya, "likitan ɓeraye" yake ce mini. Yau kuwa na tsokane shi da tumbi, na tsokane shi da furfura, ya yi murmushi kawai ya tafi nemo babura. Na ɗauka gajiyar shuka ce.

Mota ba ta shiga inda za mu, don haka muka hau babura biyu. A bakin gari 'yan sintiri suka tambaye mu inda muka nufa, suka ce mu tabbata la'asar ta same mu a gida. Hanyar wajen Barkiya yashi ce da kwazazzabai, ruwan makon jiya ya zaftare gefenta a wurare da dama. Abokina ya rungume katakonsa kamar jariri, kowane rami sai ya yi salati. Muka wuce gonakin gero da dawa da aka fara shukawa, muka wuce wasu da ba a ko share ba. Inda na san garkuna suna tare hanya har sai mutum ya tsaya ya jira, shanu huɗu kawai muka gani da wani dattijo yana bin su. Ina bayan taubashina ina ta ba shi labarin inuwar iccen Baffa, yadda take da sanyi, yadda muke kwanciya a kan saiwoyin bishiyar. Shi dai ya zuba wa hanya ido.

Tun daga nesa na gan ta. Duk bishiyoyin wurin sun yi sabon ganye, ita kaɗai take tsaye fari fat, rassa a bushe. Daga gindi har sama da tsayin mutum babu ɓawo ko kaɗan, an zagaye ta an feɗe. Na sauka daga babur ban san na sauka ba.

"Wa ya yi wannan aiki?"

Taubashina ya cire hula ya share zufa. "Kai ka ce buhu."

Nan take komai ya dawo mini. Da farko 'yar leda ya aiko mini, abin da Goggo ta yarda a ɗiba. Na kira shi a waya ina masa dariya, na ce wannan ko ɓera ɗaya ba zai ishe shi ba, buhu nake so, a cike, a ɗinke baki. Har buhun ma ni na aika. Shi kuwa mutumin da ya saba cika buhu da gero, ya ɗauki gatari bai gaya wa uwarsa ba, ya sare iya inda hannunsa ya kai, da buhu bai cika ba ya taka kan babur ya ƙara. Shi bai sani ba. Ni na sani. Ni nake tsayawa gaban ɗalibai ina gaya musu cewa abincin bishiya ta ƙarƙashin ɓawo yake bi, in aka zagaye shi an yanka ta ke nan. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina daga jikin wa buhu guda zai fito ba.

Yadda Goggo take ɗiba kuwa a gabana aka sha yi. Ta yi bismilla, ta yanki kamar tafin hannu ta gabas, ta zagaya ta yanki kamarsa ta yamma, sannan ta kwaɓa ƙasa da ruwa ta shafe raunin. Ba ta komawa wurin sai ya haɗe. Na tuna da muka zazzage buhun a ɗakin bincike na ga wasu guntaye masu tabo da kumburin tsohon rauni, na ware su na zubar don kada su ɓata mini sakamako. Wurin hannunta ne na zubar.

Abokina bai tsaya ɗora mini laifi ba, Allah ya saka masa. Ya durƙusa yana tonon gindin ko akwai tsiro, ya bi saiwoyin, ya zagaya gonakin da ke kusa yana duba ƙasa ko zai ga kwanso ko iri. Awaki da gara sun riga shi. Daga ƙarshe ya karyo wani busasshen reshe ya sa a jaka, na san don ya rage mini kunya ne. Na zauna a kan saiwar da nake kwanciya ina yaro, rana tana dukan tsakar kaina.

Mun koma Kurfi kafin la'asar. Goggo tana nan inda muka bar ta.

"Kun gane shi?"

"Na gani, Goggo. Ni na yi."

"Na sani. Shi wancan hannu ne kawai." Ta gyara tsumman gwiwarta. "Icce kamar saniya ne, Babana. Ana tatsa ne a bar ma maraƙi." Sannan ta ɗago. "To ɓerayen naka dai sun warke?"

Na ce sun warke.

"Alhamdu lillahi. Bai mutu a banza ba."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ina zaune kaina a sunkuye ta ce akwai wani iccen, wanda take jin shi ya haifi wannan, a bayan tsohuwar rugarmu can cikin daji. Taubashina ya ce shekara uku ba wanda ya taka wurin, kuma ba mai takawa yanzu. Ta yi kamar ba ta ji shi ba. Ta lumshe ido ta fara kwatance, ni kuma na zaro littafina. A bi burtali har rafin da ba ya ƙafewa da wuri. A haye ta wajen faƙo, kada a bi ta yashi. A bar kuka mai kogo a hannun dama. A wuce rijiyar da Baffa ya haƙa, ruwanta yana da ɗan gishiri amma shanu suna so. A wuce inda ɗakinta yake, da wurin da take shanya ƙore. A tsaya a maƙabarta a yi wa su Baffa da mahaifina addu'a. Daga nan in aka ɗaga kai za a gan shi. Ta daɗe tana faɗa, tana komawa baya tana gyarawa, tana ambaton wanda ke zaune a kowane gida. Tun ina rubutawa har na gane ba don ni kaɗai take yi ba, gida take tafiya da baki tunda ƙafa ta ƙi. Ni ma na bi ta, kuma ban taɓa jin kewar wurin nan kamar ranar ba.

A Dutsin-Ma muka kwana. Da safe na shiga kemis na sayi man zafi da ƙwayoyin rage kumburi, na ba wani direban Kurfi ya kai mata. Ina miƙa masa ledar ina jin nauyin abin: matar da ta warkar da gwiwata da tafin hannu guda na ɓawo, yau ni nake aika mata maganin kanti. Hanyar dawowa ba mu yi hira sosai ba. Muka shigo Kano da azahar.

Ga abin da tafiyar nan ta koya mini, ku da kuke irin aikina ku ɗauka kyauta. Mun iya tambayar tsofaffi wane icce ne, amma ba mu tambayar yaya ake ɗiba, nawa ake ɗiba, me ake bari. Rabin ilimin muke kwasowa mu gudu, kuma rabin da muke bari shi ne ya sa iccen ya rayu har muka zo muka same shi. Sakamakon bincikena yana nan a aljihun tebur, ba zai fita ba sai an san sunan bishiyar, sunan kuma yana can inda ba a zuwa. Zan jira. Abin da nake roƙo, Allah ya buɗe hanyar nan tun Goggo tana da rai, mu ɗora ta a babur mu tafi. In mun isa ita za ta riƙe wuƙa, ni in kwaɓa mata ƙasa.