Nonon da Doña Hermelinda ta ɓoye

Surukata, Doña Hermelinda, ba ta iya zama ba. Shekara ashirin tana feɗe shanu a mayankar garinmu a Kansas, ko abinci a tsaye take ci. Ta raini 'ya'ya biyar, kuma ba ta taɓa yarda wani ya fi ta sanin jarirai ba.

Matata Nayeli ta yi korona da ciki wata takwas, ta warke. Kwana uku da haihuwar ɗanmu Tobías jikinsa ya ɗauki zafi, cikinsa ya kumbura, aka wuce da shi babban asibitin Wichita, tafiyar awa uku da rabi. Likita ta ce ba ƙwayar cutar ba ce, garkuwar da jikin uwar ya haɗa ce ta ratsa zuwa gare shi, take hura masa zuciya da hanji. Doña na tsaye tana ji.

Nayeli tiyata aka yi mata, tana kwance a gida tana tatsar nono, ni kuma ina aiki. Doña ce ke kai kwalaben nonon asibiti a motarta. Da ta dawo sai ta hau goge kicin ɗin da ta riga ta goge.

A kwana na tara nas ta kira ni. "Cikinsa ya fara saɓewa, za mu gwada ba shi abinci. Nonon uwarsa ya fi masa komai, ga shi ko ɗigo ba ku kawo ba."

Na samu Doña tana ninke wanki.

"Doña, ina nonon?"

"Kai da ko ƙwai ba ka iya soyawa, kai za ka tuhume ni?"

Ta ninke tawul ɗaya har sau uku.

"Da kunnena na ji likitar nan. Abin jikin 'yata ne ya kwantar da shi. Sai in ɗauki wani abin jikinta in ƙara masa? Ga ta a firgice, nonon tsoro ma kaɗai ya isa ya ɓata cikin yaro."

"Kin zubar?"

"Ka taɓa ganin na zubar da abinci, sakarai?"

Nonon yana can ƙasan firiza, ƙarƙashin buhun wake, kwalba arba'in da ɗaya. Nayeli ta fito dafe da ciki ta gani, ta koma ɗaki.

Muka kwashi kwalaben zuwa Wichita, Doña ta hana ni tuƙi. A asibiti ta tsare nas da tambayoyi ina fassarawa, har matar ta rantse da 'ya'yanta cewa nonon ba zai cuci yaron ba. Aka ɗumama kaɗan, bai kai cokalin shayi ba, aka zuba a siririn tiyon da ke hancinsa. Nas ta ce sai bayan awa uku za a san ko cikin ya karɓa, ta turo wa Doña kujera.

Doña ta ture kujerar da ƙafa, ta miƙo min wayarta.

"Kira min 'yata. Ni zan faɗa mata da bakina cewa an ba shi nononta."