Jirgin da Muka Hana wa Ruwa

Tun ina ƙarama na tsani kaka. Kowa na murnar sabon hatsi, ni kuwa na san da an gama ɗaure dammuna Baba zai rataya jaka ya nufi Abija, can ƙasar waje, cin rani, sai damina ta dawo mana da shi a rame, yana tari. Haka mazan ƙauyenmu na ƙasar Kalfu suke yi, amma wannan bai taɓa rage mini haushi ba.

Wata shekara ya ce ya gama. Jirgin ruwa zai saya, ya riƙa kamun kifi a tabkin Tabalak, yana zuwa gida duk Juma'a. Inna ta yi dariya har ta saki muciya.

"Malam, kai da ko rijiya ba ka leƙawa?"

Ni ban yi dariya ba. Ko jirgin sama ya ce zai saya, zan ce amin, in dai zai zauna.

Ya fara zuwa wurin wani tsohon masassaƙin jirgi a bakin tabkin, mutumin Yawuri, mai tsada, mai ɗaurarriyar fuska. Cikin kuɗin har da koya wa Baba tuƙi, da toshe duk inda ya yoyo. Amma da sharaɗi: in bazara ta yi, jirgin zai koma hannun tsohon ya ajiye shi tare da nasa. Baba ya dawo yana huci.

"In sayi abu da gumina, wani shi riƙe min shi? Ko jaki ba a saida ma mutum haka!"

Lokacin ina kwaleji a Tawa, don haka da ni aka je wurin na biyun, wani ɗan kasuwa da ya sauke jirage daga kamiyo, babbar motar kaya. Ga fara'a, ga shayi, ga araha. Ya ƙara mana filafilin tuƙi da raga da buhunan da aka ɗinke don iska ta riƙa tura jirgin. Baba ya tambaye shi ko akwai sharaɗi.

"Sharaɗin mi, Alhaji? Naka na. Kai shi inda kaka so."

Wannan maganar ce ta saye Baba, fiye da arahar.

Ban taɓa jin daɗin wani lokacin sanyi kamar wannan ba. Masunta suka yi ta yi masa dariya har ya iya. Duk Juma'a yana gida, yana ƙarnin tarwaɗa, Inna na toshe hanci tana ƙara masa tuwo. Tarin ma ya lafa.

Da bazara ruwan tabki ya ja baya. Mu manoma ne, abu ɗaya muka sani game da dukiya: a raba ta da laima. Hatsi a rumbu, garma a rataye. Baba ya ɗora jirgin a amalanke ya kawo shi gida, ya kafa masa rumfa, ya ɗaga shi bisa duwatsu saboda gara. Duk ƙauye aka zo kallo. Da damina, hadari na tasowa mu bar shanya mu ruga mu lulluɓe jirgi. Ɗigo ɗaya bai taɓa shi ba, kuma muna alfahari da hakan.

Bayan kaka na bi Baba muka mayar da shi. Ana tura shi cikin tabki ruwa ya shigo ta kowace gaɓa, kamar an tsoma kwando. Tsohon nan ya zo ya shafa katakon. Bai yi gori ba, da ma ya yi, da na samu wanda zan zaga. Ya ce jirgi cikin ruwa yake bazara, shi ya sa yake karɓar nasa ya nutsar da su. Katako mai kyau in an jiƙa shi yakan kumbura ya haɗe. Wannan kuwa ɗanye aka sassaƙa shi, ya bushe ya murɗe, ƙusoshi sun saki. Babu gyara.

Muka je Tawa neman ɗan kasuwan. Wani mai sayar da bokitai muka tarar a wurin.

Da muka iso gida Baba ya ɗauko tsohuwar jakarsa ya kakkaɓe. Na riƙe igiyarta ina kuka, ƙatuwa da ni.

"Saki, uwata. Bana kaɗai. In na komo, wurin tsohon ga za ni."

Can tarin ya tashi masa. A waya aka gaya mana, bayan an riga an binne shi a ƙasar da ba mu san hanyarta ba. Har yau in na ga buhun hatsin kaka sai in kau da kai.

Jirgin yana nan a tsakar gida. Inna ta rushe rumfar da hannunta, ta hana a fasa shi a yi makamashi. Rijiyarmu da nisa, ga zurfi, ga bayanta ya fara ciwo. Amma kowace safiya, kafin ta cika randa, sai ta tsiyaya wa jirgin ƙwarya guda. Ruwan yakan bi ta tsagogin ya zube ƙasa nan take. Na taɓa yi mata faɗan ɓarnar ruwa. Ko juyowa ba ta yi ba.

"Bari shi sha," ta ce. "Mu munka hana mishi."