Sanyin Ɗakin Kaka

Abin da na fara ji da muka isa Madarunfa sanyi ne a tafin ƙafata. Na cire takalmi a ƙofar ɗakin Kaka, na taka daɓe, sai sanyin ya hau ni har gwiwa, alhali a waje rana tana gasa ƙasa.

Mun tashi daga Maraɗi da asuba, ni da Baba da wani magini, a bayan kamiyo mai kai kaya kasuwa. An ba mu hutun lakwal, wato makaranta, bazara kuma ta tsananta. Hanya duk rairayi, motar tana tafiya tana nishi. Akuyar wata tsohuwa ta kama gefen zanena tana tauna, kunya ta hana ni magana har ta ƙoshi.

Gini ne ya kawo mu. Baba zai rushe ɗakin ƙasa na mahaifiyarsa, ya yi mata na siminti da kwano. Ba ya son a ce yana aiki a birni uwarsa tana kwana ƙarƙashin laka. Ga damina tafe, bara kuma rufin wani maƙwabcinta ya rufta.

Baba ɗan fari ne, don haka Kaka ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa. Shi ma daga ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ta, tun da ya girma bai sake shiga ɗakin ba. Da ya gaya mata maganar ginin, bango ta kalla ta ce, "Allah shi yi albarka." Baba da magini suka tafi masauki, aka bar ni wurinta.

Da azahar na kwanta a tabarma ina kallo. Kaurin bangon ya kai tsawon hannuna. Ƙofa tana duban wajen tabkin garin, an rataya mata asabari da Kaka ke yayyafa wa ruwa. Can sama, dab da azara, akwai wata 'yar taga. Hasken da ke shigowa ta nan kamar faifai yake, yana rarrafe a bango a hankali. Na ga yanar gizo-gizo a bakin tagar tana karkata waje, kamar ɗakin ne ke fitar da numfashi. Randa tana zaune cikin jiƙaƙƙen yashi tana gumi. Ban san sa'ad da na lumshe ido ba, sai na ji ni a ƙasan tabki, kifaye suna wucewa ta samana, ba mai sauri a cikinsu.

A gidanmu na Maraɗi, war haka kwano yana ƙas-ƙas, kowa ya gudu gindin bishiya.

"Kakanki kafin shi aza tubali, sai da ya kwan a hilin nan yana sauraren inda iska ke hitowa," in ji Kaka da na farka.

Na ce, "Da ɗari fa?"

"In toshe taga da tsumma, in sa garwashi a kasko. Bango shi riƙe mini ɗumi har sahe."

Da la'asar muka gangara bakin tabki. Masunta suna jan koma, balbelu sun yi fari a kan itatuwa. Kaka ta sayi kifi bayan ta zagi girmansa son ranta, muka ci da tuwon hatsi.

Kashegari tana yi mini kitso ta ce, "Ke 'yar lakwal, an ce ku a birni cikin tukunya kuke kwana, da murhin ƙarfe."

"Kaka, ki gaya wa Baba ba ki son sabon ɗakin mana."

"Ni in buɗe baki ga wancan? Kyautar ɗa ba a maishe ta." Ta ja gashina har na ji zafi. "Azara biyu ne suka gaji, sai yaɓe. Mako mai zuwa ma ina garin Gabi wurin suna, ɗakin ba kowa. Amma ni ban aike ki ba."

A hanyar dawowa ƙarfen mota ba ya taɓuwa don zafi. Magini yana gaya wa Baba zai kawo leburori bayan kasuwa mai zuwa. Ni kuwa ina tunanin abin da na gano, wato ɗaki ma yana numfashi, kuma Baba zai rushe abin da rabonsa da ganin cikinsa tun yana yaro. Ban taɓa fara yi masa magana ba sai in ya tambaye ni. Muka wuce gonakin Safo. Sai da rufin kwanon Maraɗi ya fara ƙyalli daga nesa na taɓa hannun rigarsa.

"Baba."

Ya sunkuyo, don ƙarar mota ta danne muryata.

"Mako mai zuwa Kaka ba ta nan. Don Allah, kafin a taɓa ɗakin, ka shiga ka kwanta a ciki da azahar, ko sau ɗaya."