Usur Ɗin da Mai Guga Ta Ji

Mai Guga ba ta yarda da kowa ba, kuma aljihu ne ya koya mata haka. Shekara ashirin da 'yan kai tana wanki da guga a wani ɗan shago ƙarƙashin bene, tsakanin mai aski da mai gyaran agogo, kuma ba ta taɓa tsoma riga a ruwa ba sai ta laluba kowane aljihu. Nan take tsintar abin da mutane ke ɓoye wa iyalinsu: karan sigari a wandon wanda ya rantse ya daina, tikitin mota biyu a rigar wanda ya ce shi kaɗai ya yi tafiyar. Ba ta tona wa kowa asiri. Takan sa abin a leda, ta miƙa tare da kayan, ta zuba wa mai shi ido har sai ya sunkuyar da kai. In ka cika mata fara'a wajen gaisuwa, sai ta sake ƙirga rigunanka. In ka ce yau ta yi kyau, ta san so kake a gama maka kafin rana ta take.

Mutum ɗaya ce ta tsira daga wannan zargi, wato 'yarta tilo, wadda ke aiki a wani kemis a bakin babban titi. Kowa Wushirya yake kiranta, saboda 'yar tazarar da ke tsakanin haƙoranta na gaba. Idan ta faɗi kalma mai "sa" ko "si", sai wani siririn usur ya biyo ta wannan tazara, wanda sai mai kunne ne zai ji. Uban yarinyar ya rasu tana da shekara biyu. Abin da ta sani game da shi bai wuce direba ne ba, ga hotonsa ɗaya jingine da wata tsohuwar mota. Game da uwarta kuwa, ta san guga, ta san faɗa, ta kuma san doka guda: ba a waƙa a gidan nan, ko da ƙasa-ƙasa ne wajen wanke-wanke.

To, a shekarar da nake ba da labari, Farin Takalmi ya dawo. Mawaƙi ne da ya yi tashe tun kafin a haifi rabin mutanen titin. A zamaninsa na farko da jita da ganguna da mabusa yake waƙa, mutum goma a ɗaki guda, muryarsa na hawa sama kamar ba za ta sauko ba. Daga baya ya sallami makaɗan ya koma wa piyano, ya yi ta fitar da kaset ɗin da ko mai sayarwa ba ya saurara, har aka ɗauka ya mutu. Sai ga shi da furfura, muryar ta dushe ta koma ƙasa, bai ma ƙara wahalar da kansa da hawa ba. Magana yake yi a hankali a kan wani kiɗan na'ura mai nauyi, kamar dattijon da ke ba da labari a bakin ƙofa. Yara suka haukace a kansa. Waƙa ta farko ta karɓu, ta biyu ta fi ta, ta ukun kuwa, mai suna "Sassauta", ita ce ta hana titin sakat.

Mai aski ya fara sa ta da safiyar wata Laraba. Mai Guga na tsaye tana goge wuyan wata farar riga, ta ji tsohon yana gunaguninsa, ta taɓe baki. Sai amshi ya shigo. Muryar mace ce, siririya, tana maimaita kalma ɗaya: sassauta, sassauta. Kuma a kan kowace "sa" ga usur ɗin nan.

Ƙauri ne ya dawo da ita hayyacinta. Rabonta da ƙona kayan mutum har ta manta.

Abin da titin bai sani ba, abin da 'yarta ma ba ta sani ba, shi ne Mai Guga ta yi shekara shida tana yi wa Farin Takalmi amshi. Ita ma da wushiryarta a lokacin, har 'yan ƙungiyar suna kiranta Usur. Daga baya ne ta zame a matakala da bahon wanki, haƙoran gaba biyu suka tafi, likita ya dasa mata wasu a matse, usur ya ɓace. Ta bar waƙa ne ranar da ta kunna talabijin ta ga wata doguwa fara tana motsa baki a kan muryarta, hoton doguwar ne kuma a jikin kaset. Da ta yi magana, Farin Takalmi ya ce mata murya daban, fuska daban. Ta fita ba ta waiwaya ba. Mai gangar ƙungiyar ya biyo ta bayan wata uku, ya ajiye ganga ya kama tuƙi, suka yi aure. Tun daga nan ta rufe wannan babi ta zauna a kansa.

Yanzu ga mutumin nan ya sake zagayowa, kuma a duniya mutum ɗaya ta sani mai wannan usur.

Ta leƙa shagon mai aski ta ce, "Kai, wace ce ke masa amshin nan?"

"Wallahi Mama, ba wanda ya sani. Ba a rubuta suna ba. A bidiyon ma inuwar mace kawai ake nunawa ta bayan labule."

"Ba suna," in ji ta. "Ai na san za a yi haka."

Da yamma ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta laluba aljihun farar rigar aikin 'yarta. Ta sami alewar gyaran maƙogwaro guda huɗu. Ta san masu shan wannan alewa, mawaƙa ne. Ta tuna kuma Talata da Alhamis yarinyar ba ta dawowa sai rana ta faɗi, wai ranar motar magani ke zuwa, sai sun jera kaya. Wata nawa ana haka? Ta lissafa, ya zo daidai da fitowar waƙa ta farko, ko kuma ita ce ta matsa lissafin har ya zo daidai.

Suna cin abinci ta ce, "Ke, ce sassauta."

Wushirya ta yi dariya. "Mama, lafiya? Ke ma waƙar ta kama ki?"

"Na ce ki faɗa."

"Sassauta."

Usur ya fito tsaf. Mai Guga ta ture kwano.

Ranar Alhamis ta rufe shago da wuri, ta je ta tsaya tsallaken titi tana kallon kemis. Ga mota ta zo, ga 'yarta tana ɗaukar kwali. Wani zai ce magana ta ƙare. Ita kuwa cewa ta yi a ranta, yarinyar ta hango ta ne. Ta tambayi mai kemis, ya ce ai duk Talata da Alhamis tana nan har a rufe. Ta dubi yadda yake murmushi, ta ce wannan ma da bakinsa a ciki. Alewar fa? Yarinyar ta ce mura ta yi. Mura a wannan zafin?

Sati uku ana haka. Waƙar na bin ta ko'ina, a motar haya, a wayar masu kawo wanki, a bakin 'yan makaranta. Duk inda ta ji sai ranta ya ɓaci, ga tsoro, don ta san ƙarshen hanyar: a tatse muryar, a sa fuskar wata, a ce maka murya daban, fuska daban. Ran nan da safe ta kasa riƙewa.

"Me tsohon nan ya ce zai mayar da ke? Tauraruwa?"

"Wane tsoho, Mama?"

"Kar ki raina min hankali. Ni na haife ki, na san muryarki ko cikin kasuwa ne. Ke ce a waƙar nan."

Wushirya ta ajiye kofin da ke hannunta. "Ni? Ni da ko a banɗaki ban isa in yi waƙa ba? Wallahi ban taɓa ganin mutumin nan ba."

"Maƙaryaciya."

Kalmar ta faɗo tsakaninsu, kuma ba a taɓa faɗinta a gidan ba. Yarinyar ba ta yi kuka ba, abin da ya fi ba uwar tsoro ke nan. Ta shiga ɗaki, ta zuba kaya a jaka, ta ce za ta koma gidan goggonta, ƙanwar babanta, har sai ranar da aka daina laluba mata aljihu. Ashe ta sani.

Kwana biyar Mai Guga na dafa abincin mutum biyu tana ci ita kaɗai. A na shida ta ɗaura gyale ta nemi situdiyon Farin Takalmi. Bene ne a bayan wani gidan mai, ɗaki ɗaya an liƙe bangonsa da soso, ba jita ba ganga, sai kwamfuta da wata mata mai tabarau da ke haɗa sauti. Shi kuma yana zaune a kujera, takalmin fari ne har yanzu, amma ya take bayansa saboda ƙafar ta kumbura.

Ya dube ta, ya sake dubawa. "Usur?"

"Ba sunana ke nan ba. Ina 'yata?"

"Wace 'yar taki? Kina da 'ya?"

"Kar ka yi min wannan muryar ta dattijon kirki, ka bar wa masu sayen waƙa. Yarinyar da ke maka amshi a Sassauta. Ka ci tawa, ba za ka ci tata ba."

Tsohon ya juya wajen mai tabarau ya ce, "Sa mata na asali. Daga farko, kar ki yanke komai."

"Ba abin da za ka sa min da zai..."

Sai ɗakin ya cika da shuuu irin na tsohon kaset. Wani yana gwada jita. Wani ya yi tari. Ganga ta shigo da ƙarfi, ta danne kowa. Sai ga wata yarinya tana dariya, ta ja murya cikin tsokana, ba waƙa take yi ba, mai ganga take wa tsiya: "Sassauta, sassauta, malam, za ka fasa mana kunne!" Ganga ta tsaya. Wani namiji ya yi dariya mai kauri ya ce, "To ranki ya daɗe, na sassauta. In kin ce in bar gangar ma, sai in bari."

Mai Guga ta gane muryar mijinta nan take. Shekara ashirin da biyu rabonta da wannan dariya.

"Muryata ta daina hawa," in ji Farin Takalmi. "Na buɗe akwatin tsofaffin kaset ina neman abin da zai hau a madadina, sai na ci karo da wannan. Kalma ɗaya muka yanka, muka ɗora kiɗa. Na neme ki, aka ce kin bar gari."

"Ƙarya kake."

Ya shafa furfurarsa. "Ƙarya nake. Tsoronki nake ji."

Ta sa aka sake sawa, don ko a nan ba ta gama yarda ba, na'urar da ta iya yanka kalma ai za ta iya ƙirƙirar ta. Amma ta tuna ranar. Ta tuna rigar da ke jikin mai gangar, ta tuna fankar ɗakin ta lalace. Muryarta ce tana 'yar shekara ashirin da uku, ta ji ta a titi sati uku ba ta gane kanta ba, sai ta ɗora wa 'yarta.

"Zan sa sunanki," ya ce. "A rediyo, a bidiyo, ko'ina."

"Kar ka sa tukuna. Wadda ya kamata ta fara sani ba ta sani ba." Ta miƙa wayarta ga mai tabarau. "Zuba min shi duka. Da tarin, da komai."

Da tsakar rana ta isa kemis. Mutum uku ne a gabanta, ta bi layi kamar kowa. Da ta iso gaban kantar gilashi, Wushirya ta ɗago, fuskar nan ba yabo ba fallasa.

"Me za a ba ki?"

Mai Guga ta ajiye wayar a kan gilashi, ta danna. Shuuu, jita, tari, ganga. Yarinyar ta saurara da gira a haɗe har muryar ta shigo, da usur ɗinta.

"Na faɗa miki ba ni ba ce."

"Na sani. Ni ce."

Wushirya ta dubi bakin uwarta, haƙoran nan biyu masu haske da ba su yi kama da sauran ba. Kafin ta ce wani abu, namijin ya yi dariyarsa mai kauri, ya ce ya sassauta.

"Wannan kuma babanki ne. Mai ganga ne kafin ya zama direba. Ni ce na ɓoye miki, shekara ashirin da huɗu. Maƙaryaciyar gidan ba ke ba ce."

Wani mutum a bayanta ya yi gyaran murya, yana kaɗa takardar magani. Ba wadda ta kula shi. Wushirya ta jawo wayar gabanta da hannu biyu, ta kara kunne kusa, hawaye na ɗiga a kan gilashin.

"Ban ce na huce ba, Mama," ta ce. "Mayar min wajen da ya yi dariya."