Baba Tabiyo da Kwana Ukun da Muka Rufe Gidan Cuku

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 8 ga Afrilu, 2025, da hantsi, Allah Ya ɗauki ran Ottavio Brignoli, mutumin Italiya mai gidan cuku na Kalgo, wanda bakinmu ya mayar Baba Tabiyo. Ya rasu yana da shekara saba'in da tara, arba'in a cikinsu a ƙasarmu ya yi su.

Baba, ni ne Sambo, mai ɗauko maka madara a babur daga rugagen Gwandu shekara ashirin da shida. Aikin hanya ya kawo ka, abokanka suka gama suka koma gida, kai ka ga shanu ka zauna. Mutane suka ce Bature ya zautu, wa zai sayi cuku a Kalgo? Ba a jima ba motoci suka fara zuwa ɗauka daga Sakkwato da Abuja, masu dariya suka kama bakinsu.

Ba ka taɓa kunyata mai kawo madara ba. Na tuna ranar da Ruƙayyatu ta Dalijan ta ƙara ruwa a tata. Ka ɗanɗana, ka dube ta, ka ce da gurguwar Hausarka, "Ruƙayya, saniyarki ta sha ruwa da yawa yau." Ta rufe fuska da mayafi tana dariya, ba ta kuma ba har yau. Shekarar da ciwon kofato ya shiga shanun Maruda, da motarka ka kai likitan dabbobi ruga-ruga, kwana tara ba ka huta ba.

Akwai abin da ya hana ni sakat, dole in faɗa maka. Kana da ruwan tsamin nan da kake kira "uwa", wanda ka yo takakkiya har garinku ka ɗebo wajen mahaifiyarka. Da shi cuku ke kamawa. Kullum in an gama aiki ka ɗebi ruwan cukun ranar ka ajiye, shi ne uwar gobe. Ko ranar salla, ko ranar Kirsimetinku, sai ka dafa ko da tukunya ɗaya ce. Mu kuwa muka ɗauka son aiki ne irin na Turawa. Ba mu tambaya ba, kai ma ba ka zaunar da mu ka faɗa ba, kuma wallahi ina jin haushinka a kan wannan.

Da ka rasu muka yi maka abin da muke yi wa iyayenmu. Muka rufe gidan cuku, muka kashe janareta, muka shimfiɗa tabarmi a ƙofa kwana uku muna karɓar gaisuwa. Mata suka zo daga rugage ba ƙwarya ko ɗaya, don a wurinmu abin kunya ne a yi sana'a a gidan makoki. A rana ta huɗu na buɗe tulun uwa a zafin Afrilun nan, warin da ya buge ni ya sa na zauna a ƙasa. Girmama ka muka yi, Baba, girmamawar ta kashe ta.

Mun gwada tsohon nono irin na kindirmo, abin ya fito yana marmashewa, ko kare ba ya so. 'Yarka Joy ta buga waya garinku, aka ce gidan kakarta an daina cuku tun tuni. Gidaje sittin da ɗoriya ke cin abinci da madarar nan. Jiya Ruƙayyatu ta tare ni ta ce, "Malam Sambo, mu ci gaba da kawowa?"

Ubangijin da Ya halicce ka Ya fi mu sanin alherinka, muna roƙonSa Ya dube ka da shi, Ya sassauta maka. Inna Dibora, Allah Ya ba ki haƙurin rashin maigida, Ya raya Joy da 'ya'yanta. Ki yafe mana, ba da gangan muka yi ba. Gobe da safe matan nan za su sake sauke ƙoransu a ƙofa, ni kuma ban san abin da zan ce musu ba.