Baba Mai Fili da Shekarar da Aka Zaunar da Auta

Wayyo daɗi, jama'a, an mayar da Auta! Jiya ta sa rigar makaranta ta shiga filin ƙwallo, har ta ci ɗaya da ka! Ina bayan shinge da goyona ina ta ihu, yaro ya farka ya taya ni.

Auta ƙanwata ce. Bara ta buga wa wani kulob na waje wasa biyu. Na gargaɗe ta, ta ce ai hutu ake, wa zai sani? Aka sani. Doka kuwa ta ce ɗalibin da ya buga wa kulob, shekara guda ba wasa, ba atisaye da 'yan makaranta. Ta dawo ta cilla takalmanta ƙarƙashin gado, ta ce ita da makaranta har abada. Ni ma dokar nan ce ta kama ni a aji biyar, kuma ban koma ba.

To, Baba mai fili, mai kula da filin makarantar, shi na zo yabo. Shekara talatin da ɗaya, kafin a buga ƙararrawa ya ba ciyawa ruwa, ya tsince tsakuwa, ya ɗinke raga, ya tura ɗan baronsa na farar ƙasa ya ja layi. Ran ba da kofi ko sunansa ba a kira.

Shi ya tako har ƙofar gidanmu. "Ke Auta, fito. An hana ki ƙwallo, an hana ki taya tsoho aiki ne? Gwiwata ta ƙi."

Ta ce, "Baba, ni 'yar wasa ce, ba lebura ba."

Ya ce, "'Yar wasan ƙarƙashin gado? Gobe ƙarfe shida."

Ya sami shugabar makaranta, ta yarda. Kullum Auta na zagaye fili da baro, shi yana zaune kan bokiti: "Ya karkace! Sake, da gudu!" Masu shara sun rantse ba abin da ya sami layin nan. Ƙwallo kuwa ko taɓawa bai bari ta yi ba har shekara ta cika. Tunda ta riga ta shigo, sai ta wuce aji abinta.

Baba, kai ne ka zo ƙofarmu sau uku a lokacina, na ce a ce ba na nan, alhali ina jin muryarka daga ɗaki. Jiya da na ji ƙanshin ciyawar da ka yanke, wallahi ƙafafuna har ƙaiƙayi suke, kamar in kwance goyo in faɗa fili. Ka hango ni ka ce, "Mai hagu, har yanzu fushin ne?" Na juya na hau gyara goyo.

Ƙarshen wata zai ajiye aiki. Mun gode, Baba, Allah ya saka da alheri, ya ba gwiwa lafiya. Malamai, in doka ta zaunar da yarinya, ku taka ku je gidansu kamar yadda ya yi.

Don Allah ku tura wannan gaba, ko zai kai wayar ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya karanta masa. Ni dai a gabansa bakina ba ya buɗuwa.