Gari a Jikin Tsumma

Taha yana tsaye bayan tukunyar shayinsa a tashar bas ta Aziziyya, yana zuba wa alhazai ba tare da ya dubi fuskar kowa ba. Sai ga wani tsohon Bature, dogo, ya ɗan ranƙwafa. Rana ta gasa masa kafaɗa ta yi jawur, haraminsa sai zamewa yake yi. Da gani bai daɗe da musulunta ba.

A hannunsa akwai tsumman goge kwanuka da aka zana gari a jikinsa. Kafin ya share gumi, sai ya ninke shi a tsanake, ya mai da hoton coci ciki, ya bar gada da rijiya a waje.

Ya lura Taha na kallonsa, sai ya shimfiɗa tsumman a kan tebur.

"Garinmu ne, a Ingila," in ji shi, da Larabcinsa na 'yan koyo. "Ɗan ƙarami. Kakana ya sha ruwan rijiyar nan. Tana nan har yau."

Taha ya ayyana a ransa, wataƙila shi ke zagayawa da baƙi a can, yana ba su tarihin kowane dutse.

"Kai fa?" in ji tsohon. "Ina gidan kakanka?"

Taha ya laluba zuciyarsa, bai tarar da komai ba, ko baƙin ciki. Ya ɗaga cokali ya nuna inda aka yi rusau aka malala kwalta.

"Ga shi can, ya Hajji. Motarku ce a kai."